Sharhi: Abin da ƙura ta ɓoye a sararin samaniya da giɓin da ƙonewar NEOWISE ta bari

A farkon watan Nuwamban 2024, wata ƙaramar na'urar hangen nesa mallakar Hukumar Binciken Sararin Samaniya ta Amurka, NASA, ta rikito daga inda take kewaya duniya, ta ƙone ƙurmus a cikin iska. Labarin bai ja hankalin jama'a ba, domin a makon ne Amurkawa suke shirin zaɓen shugaban ƙasa. Sunan na'urar NEOWISE, kuma faɗin madubinta santimita 40 ne kacal, bai fi babban faranti ba. Amma hotunan da ta tara cikin shekaru fiye da 10 sun tilasta wa masana ilimin taurari sake lissafin da suka daɗe suna yi game da yawan taurarin da ke fashewa, da waɗanda baƙaƙen ramuka ke yayyagawa, da kuma irin wuraren da hakan ke faruwa.

Matsalar da ta taimaka wajen warwarewa ita ce ƙura. Tsakanin taurari akwai tarin ƙananan ƙwayoyin gawayi da na dangin yashi, waɗanda akasarinsu ba su kai kashi ɗaya cikin 1,000 na milimita ba. Duk da sunan da aka ba ta, wannan ƙura ta fi kama da hayaƙi a kan hazon hunturu. Wanda ya taɓa kallon rana ta cikin hayaƙin gobarar daji ya ga yadda take komawa jajir: hayaƙin ya tarwatsa shuɗin haske, ya bar ja ya wuce. Haka ƙurar sama take yi, sai dai idan ta yi kauri har jan ma ba ya tsira.

Abin da ke tsira shi ne hasken da ke gaba da ja, wanda ido ba ya gani, ake kiransa infirared. William Herschel ne ya gano shi a Ingila a shekarar 1800, lokacin da ya raba hasken rana zuwa launuka da gilashi mai kusurwa uku, ya ajiye ma'aunin zafi a gefen jan launi inda babu wani haske da ake gani, sai ma'aunin ya hau. Da shi rimot ɗin talabijin yake aiki, kuma shi ne abin da na'urar auna zafin goshi ta zamanin korona take karantawa. Zangonsa ya fi na hasken ido tsawo, saboda haka ƙananan ƙwayoyin ƙura ba sa iya tare shi sosai.

Tsakiyar tarin taurarin da Rana take ciki ita ce misali mafi bayyana. Tana da nisan tafiyar haske ta shekara kusan 26,000, kuma a shekara guda haske yana cin kilomita tiriliyan 9.5. Daga hasken ido da ke tasowa daga can, kimanin kashi ɗaya cikin tiriliyan ɗaya ne ke isowa duniya. A infirared mai zangon maikiromita 2.2 kuwa, kusan kashi ɗaya cikin 10 ne ke ratsowa. Da wannan hasken ne Reinhard Genzel na Jamus da Andrea Ghez ta Amurka suka bi sawun taurarin da ke kewaya wani abu mai nauyin Rana miliyan 4, aikin da ya ba su rabon kyautar Nobel ta 2020.

Ƙura tana da wata ɗabi'a ta biyu, kuma ita ce ta fi amfani a wannan fage. Hasken da ta haɗiye ba ya ɓacewa. Yana ɗumama ta, ita kuma ta sake fitar da shi a matsayin infirared. Idan wani abu ya ɓarke a tsakiyar gajimaren ƙura, ƙurar da ke kusa sosai takan narke ta bi iska, ta nesa kaɗan kuma ta yi zafi ta soma haskawa, tana ci gaba da hakan watanni ko shekaru bayan walƙiyar farko ta mutu. Masana suna kiran wannan amsa-kuwwar ƙura. Mayafin da ya rufe abin shi ne kuma yake tona asirinsa.

Baƙin rami, ga wanda bai saba da kalmar ba, ba rami ba ne irin na ƙasa. Dunƙulallen abu ne mai tsananin nauyi, wanda ƙarfin janyowarsa ya kai ko haske ba ya kuɓuta idan ya matso ainun. Kusan kowane babban tarin taurari yana da ɗaya a cibiyarsa, mai nauyin Rana miliyoyi ko biliyoyi, kuma galibinsu shiru suke, ba a ganin alamarsu. Sai idan wani tauraro ya yi kuskuren giftawa kusa: ɓangarensa da ke fuskantar ramin yakan sha ja fiye da ɗaya ɓangaren, har tauraron ya miƙe kamar zare ya tsinke. Kusan rabin naman jikinsa yakan tsere, sauran rabin ya dawo yana juyawa a bakin ramin yana zafi, yana fitar da hasken da kan iya zarce na dukkan taurarin da ke kewaye. Masanin Birtaniya Martin Rees ya yi bayanin wannan a 1988, kafin a taɓa ganin ko ɗaya. An soma samun alamunsa a shekarun 1990 da na'urar ROSAT ta Jamus, kuma zuwa 2023 an tara kimanin 100, yawanci da hasken ido ko hasken eksire.

Waɗannan 100 ɗin sun zo da abubuwa uku masu ɗaure kai. Adadinsu bai kai abin da lissafi ya yi hasashe ba. Ƙarfin da aka auna yana fita daga cikinsu ya gaza abin da ya kamata rabin tauraro ya samar da nisa, sau da yawa bai kai kashi ɗaya cikin 10 ba. Sannan da yawansu sun taru a wani nau'in tarin taurari da ba kasafai ake samu ba, wanda ya gama haihuwar taurari da yawa a lokaci guda ya tsaya. An rubuta maƙaloli da dama ana neman dalilin da ya sa baƙaƙen ramukan irin waɗannan wurare suka fi sauran haɗama. Tambayar da ba a ba muhimmancin da ya dace ba ita ce ko dai a nan ne kawai sama take a share har ake iya hangowa.

Alamar farko mai ƙarfi ta fito daga Arp 299, wasu tarin taurari biyu da ke karo da juna a nisan tafiyar haske ta shekara kusan miliyan 150. A watan Janairun 2005, Seppo Mattila da abokan aikinsa suna neman fashewar taurari a cikin ƙurar wurin da na'urar da ke tsibirin La Palma na ƙasar Sifaniya, wadda, abin sha'awa, sunan William Herschel take ɗauke da shi. Sai suka ga wani sabon haske a infirared kusa da cibiyar ɗaya daga cikin tarin biyu. A hasken ido babu wani abin a zo a gani. Da farko an ɗauka supanoba ce, wato fashewar babban tauraro a ƙarshen rayuwarsa.

Sun shafe fiye da shekaru 10 suna bibiya. Daga 2011 na'urorin rediyo suka soma nuna cewa abin yana miƙewa ta gefe guda, ba ya buɗewa ta ko'ina kamar yadda ɓaraguzan supanoba suke yi. Feshin abu ne da ke fita da gudun da ya kai kusan rubu'in gudun haske. A watan Yunin 2018, Mattila na Jami'ar Turku a Finlan da Miguel Pérez-Torres na cibiyar nazarin taurari ta Andalus suka wallafa sakamakon a mujallar Science: baƙin rami mai nauyin Rana miliyan 20 ne ya yayyaga tauraron da ya ninka Rana nauyi fiye da sau biyu, ƙura ta shanye hasken, ta mayar da shi infirared. Ƙarfin da ake cewa ya ɓace ya bayyana a nan kusan cif, a inda ba a saba dubawa ba.

Misali ɗaya ba ya kafa hujja a kan sararin samaniya baki ɗaya. Ana buƙatar na'urar da ke kallon ko'ina, a kai a kai, tsawon shekaru. Ita ce NEOWISE ta zama, alhali ba don haka aka gina ta ba.

An harba ta ranar 14 ga Disamba, 2009, da sunan WISE, domin ta zana taswirar sama a zango huɗu na infirared, a kan kuɗi kimanin dala miliyan 320. Dole na'ura irin wannan ta kasance cikin tsananin sanyi, in ba haka ba zafin jikinta ya makantar da ita, kuma dole ta fita daga iskar duniya domin tururin ruwa yana shanye yawancin wannan haske. Daskararren haidirojin da ke sanyaya ta ya ƙare a 2010, aka kwantar da ita a Fabrairun 2011. A 2013 NASA ta tashe ta da sabon suna da sabon aiki a ƙarƙashin jagorancin Amy Mainzer: farautar duwatsun sama da ka iya barazana ga duniya, da zango biyu da suka rage mata, na maikiromita 3.4 da 4.6. Tauraro mai wutsiya da mutane suka yi ta ɗauka a hoto a Yulin 2020 ita ta gano shi, shi ya sa yake ɗauke da sunanta. To amma a garin neman duwatsu, tana share sama baki ɗaya duk bayan wata shida, kuma an ajiye dukkan hotunan a rumbun da kowa zai iya shiga kyauta ta intanet.

A wannan rumbu ne masu bincike na Cibiyar Fasaha ta Masacusets, MIT, suka yi tono. A Afrilun 2023, Christos Panagiotou da abokan aikinsa suka sanar da gano wata walƙiya da ta soma a ƙarshen 2014 a cibiyar NGC 7392, mai nisan tafiyar haske ta shekara miliyan 137. A lokacin ita ce yayyagar tauraro mafi kusa da aka sani. Ta faru a maƙwabta, a tarin taurarin da ke ci gaba da haihuwar sababbi, ta yi haske na shekaru, kuma babu na'urar hasken ido ko ɗaya da ta lura.

A Janairun 2024, Megan Masterson, ɗaliba mai neman digirin digirgir a cibiyar, ta jagoranci bincike mafi faɗi. Sun tace walƙiyoyin infirared da ke da alaƙa da tarin taurari kusan 1,000 a cikin nisan tafiyar haske ta shekara miliyan 600, suka cire na supanoba da na baƙaƙen ramukan da dama can suke cikin ci, suka rage da 18. Wannan ya ninka adadin da aka sani a wannan yanki fiye da sau biyu. Sun bayyana a tarin taurari iri-iri, har da masu ƙura da ke haihuwar taurari, abin da ya raunana batun cewa wani nau'i ne kaɗai ke da wannan hali. Da aka haɗa su da na baya, ƙiyasin ya koma kusan sau ɗaya a shekara 50,000 ga kowane tarin taurari, wanda ya fi kusa da abin da lissafi ya faɗa tun farko.

Akwai dalilin taka-tsantsan, kuma masu binciken ba su ɓoye shi ba. Baƙin ramin da ke cin iskar gas a hankali yakan yi tashin bazata wanda ke kama da yayyagar tauraro, kuma awo biyu a shekara da zango biyu kacal ba su isa a rantse ba. Shi ya sa aka juya na'urar James Webb, wadda aka harba ranar 25 ga Disamba, 2021, zuwa huɗu daga cikin wuraren. Sakamakon da aka wallafa a Yulin 2025 ya nuna alamun iskar neyon da haske mai tsananin ƙarfi ya kwashe wa lantarki, irin wanda baƙin rami mai ci ne ke iya samarwa, kuma tsarin ƙurar bai yi kama da na ramukan da suka daɗe suna ci ba. Huɗu ba 18 ba ne, amma sun nuna cewa hanyar tacewar tana kama abin da aka ce tana kamawa.

A ɓangaren taurari ma labarin bai bambanta ba. Binciken da Ori Fox ya jagoranta da na'urar Spitzer, wanda aka wallafa a 2021, ya duba tarin taurari 40 masu ƙura ya samu supanoba tara, biyar daga ciki babu wanda ya taɓa ganinsu. A cikin tarin taurarinmu, ana ganin ƙananan fashewar da ake kira noba kusan 10 a shekara, amma wata ƙaramar na'urar infirared da ke dutsen Palomar a Kaliforniya ta nuna cewa na gaskiya sun haura 40. A gajimaren Oriyon kuma, an gano wani jaririn tauraro mai suna HOPS 383, wanda har yanzu yake naɗe cikin ƙurar da ta haife shi, ya ninka haskensa sau 35 cikin 'yan shekaru saboda tarin gas da ya zubo masa lokaci guda. Wannan yana nuna cewa taurari suna girma ne da loma-loma, ba da kurɓi a jere ba.

Wanda ya fi jan hankalin jama'a shi ne na watan Mayun 2020. Wani tauraro mai nisan tafiyar haske ta shekara 12,000 ya ninka haskensa sau 100 cikin kwana 10. Kishalay De, wanda ya ci karo da shi yana neman noba, ya kasa gane kansa har sai da ya duba bayanan infirared. NEOWISE ta nuna cewa wurin ya soma haske watanni kafin walƙiyar, kuma ya ci gaba da fitar da ƙura mai sanyi bayanta. Jimillar ƙarfin kuwa kusan kashi ɗaya cikin 1,000 ne na abin da ake gani idan taurari biyu suka haɗe. Abin da ya faɗa cikin tauraron ke nan ya gaza tauraro nauyi da kusan wannan kima, wato duniya ce mai girman Jufita. An wallafa shi a mujallar Nature a Mayun 2023 a matsayin karo na farko da aka ga tauraro yana haɗiye duniyarsa.

An yi ta bayyana shi a lokacin a matsayin hoton makomar duniyarmu idan Rana ta tsufa ta kumbura nan da shekara biliyan 5. Sai a 2025 awon James Webb, ƙarƙashin Ryan Lau, ya nuna cewa tauraron bai kai hasken wanda ya kumbura ba. Duniyar ce kewayenta ya riƙa tsukewa cikin miliyoyin shekaru har ta faɗa. Haɗiyar ta tabbata, dalilinta ne ya canza, kuma ya kamata masu yaɗa labaran kimiyya su ba gyaran irin filin da suka ba labarin farko.

Har yanzu ana muhawara a kan wani tauraron da ke Andromeda, mai nisan tafiyar haske ta shekara miliyan 2.5. Wannan ƙaton tauraro, M31-2014-DS1, ya ƙara haske a infirared daga 2014, sannan ya dusashe, har zuwa 2023 haskensa na ido ya ragu fiye da sau 10,000 ba tare da wata fashewa ba. De da abokan aikinsa suna ganin ya rufta ne ya zama baƙin rami shiru. Wasu masanan suna ganin taurari biyu ne suka haɗe, ƙurar da suka tayar ta rufe su. Shekaru masu zuwa za su raba gardamar, domin ƙura tana bajewa, abin da ke ƙarƙashinta ko ya sake fitowa ko ya ci gaba da dusashewa.

Abin lura a duk waɗannan shi ne cewa kusan babu wanda aka gano a lokacin da yake faruwa. An tono su ne daga rumbu, shekaru bayan aukuwarsu, kuma darajar rumbun tana cikin rashin yankewarsa. Ba a sanin cewa wuri ya yi haske sai an san yadda yake kafin nan. Girman abin da ya rage a ciki ma ya bayyana a 2025, lokacin da wani ɗalibin sakandare daga Pasadena ya lashe kyautar dala 250,000 a gasar kimiyya ta Regeneron, bayan ya rubuta manhajar da ta tace awo kusan biliyan 200 na NEOWISE ta fitar da abubuwa kimanin miliyan 1.5 masu sauya haske da ba a lissafa ba a da.

Rumbun ya daina ƙaruwa ranar 31 ga Yuli, 2024. Rana ce ta kawo ƙarshensa: a lokacin da take kan ganiyar tashinta na duk shekara 11, takan ɗumama saman iskar duniya ta kumbura, kuma NEOWISE, wadda ke kewayawa a tsawon kilomita kusan 500, ba ta da injin da za ta ɗaga kanta. An kashe na'urar sadarwarta ranar 8 ga Agusta. Spitzer kuwa an riga an yi mata ritaya tun 30 ga Janairu, 2020.

James Webb, wadda ta ci kimanin dala biliyan 10, ba za ta iya wannan aikin ba. Tana gani da zurfi ƙwarai amma ta ƙaramar kafa, kuma sai an gaya mata inda za ta duba. Cibiyar Vera Rubin da ke ƙasar Chile, wadda ta fitar da hotunanta na farko a Yunin 2025, za ta riƙa aika sanarwar sauyi har miliyan 10 a dare guda, kuma ana sa ran za ta gano yayyagar taurari dubbai. Sai dai da hasken ido da ɗan abin da ke kusa da shi take aiki. Idan ba a samu na'urar infirared da ke tafiya kafaɗa da kafaɗa da ita ba, za a sami ƙidaya mai yawan gaske wadda ta karkata ga wuraren da ba su da ƙura, wato kuskuren da aka gano a 2024 zai dawo da adadi mafi girma da ya fi wuyar musantawa.

Giɓin bai kai a ce babu komai ba. A Maris ɗin 2025 NASA ta harba SPHEREx, wadda ke zana taswirar sama baki ɗaya duk wata shida a launuka 102 na infirared, amma wa'adin aikinta na asali shekara biyu ne. Na'urar Nancy Grace Roman, mai madubin mita 2.4 da ke ɗaukar fili sau 100 fiye da na Hubble, an gina ta ne don aiki da gajeren zangon infirared, wanda ke ratsa ƙura amma ba ya kama ɗumin ƙurar sosai. A doron ƙasa akwai WINTER a Palomar da PRIME mai madubin mita 1.8 a Sutherland ta Afirka ta Kudu, dukkansu iskar duniya ta taƙaita su ga gajeren zango.

Magajiyar NEOWISE ta haƙiƙa ita ce NEO Surveyor, mai madubin santimita 50, wadda za a ajiye a nisan kilomita miliyan 1.5 daga duniya ta wajen Rana. Ita ma don duwatsun sama aka gina ta, kuma inda duwatsun suke za ta fi kallo, masu nazarin baƙaƙen ramuka sai dai su sake cin albarkacin wani. An so harba ta a 2026, ragin kasafin kuɗi na 2022 ya jinkirta ta. Kuma a Mayun 2025 fadar White House ta gabatar da shawarar zaftare kusan rabin kuɗin sashen kimiyya na NASA, daga dala biliyan 7.3 zuwa 3.9, abin da ya nuna cewa wannan fage, wanda masana daga Finlan zuwa Sin suke dogaro da shi, yana rataye ne a kan kasafin ƙasa guda. Alƙawarin da NASA ta ɗauka shi ne harba na'urar kafin ƙarshen Yunin 2028, tana kuma ƙoƙarin cimma ƙarshen 2027.